Neman gida ta hannun gwamnati a kudancin garin Kaduna: jagora ga mai ƙaramin ƙarfi

Wata Asabar da hantsi muna zaune a ofishin ƙungiyarmu ta gama-kai a Kakuri, sai wata dattijuwa mai aikin shara ta yi sallama, riƙe da baƙar leda. Daga Unguwan Romi ta taso. Ta kwance ledar a hankali, ta zaro takarda mai tambarin mikiya da dawakai, an manna hotonta a kusurwa. Ta ce, "Ɗana, duba mini, yaushe za a kira mu karɓar makulli?" Na juya takardar gaba da baya. Babu lambar rasit, babu sa hannun kowa, sai lambar waya da aka rubuta da biro. Na ce, "Mama, wa kika ba kuɗi?" Ta ce wani yaro ne mai ladabi a bakin kasuwar Sabon Tasha, ta tura masa Naira dubu 25, kuɗin adashenta. Tun ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar nan, kuma kurakuran da nake gani ba sa canzawa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da nake maimaitawa da baki kullum. Zan riƙa cewa "ka", amma maganar ta maza da mata ce, har ma matan sun fi yawa cikin masu zuwa wurina.

Abu na farko da ya kamata a cire daga rai shi ne zaton gwamnati na rabon gidaje kyauta ga duk wanda ya cika fom. A Ingila da Amurka akwai tsarin da hukuma ke biya wa talaka wani ɓangare na kuɗin haya. Namu ya bambanta. Yawancin taimakon da ke akwai a nan bashi ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa da doka mai lamba 3 ta 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Akwai gidajen da ma'aikatar gidaje ta tarayya da kamfanin Family Homes Funds ke ginawa su sayar, irin na Millennium City a ƙaramar hukumar Chikun. Gidan kyauta yana nan amma kaɗan ne ƙwarai, kuma zaɓo mutum ake yi, kamar gidajen da Qatar Charity ta gina tare da gwamnatin jiha domin iyalan da 'yan bindiga suka ɗaiɗaita. Wanda ya fahimci wannan tun farko, ɗan damfara ba ya samun ƙofar shiga wurinsa.

Abubuwan da za ka tanada

Ka sayi fayil mai roba, saboda damina da ɗigar ɗakin haya, ka zuba waɗannan a ciki:

Lambar NIN da lambar BVN.
Lambar NHF, da takardar da ke nuna abin da ka tara.
Takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru.
Takardun albashi na watannin baya, ko bayanan shige da ficen asusunka na banki idan sana'ar kanka kake yi.
Takardar ɗaukar aiki da wasiƙar shaida daga wurin aikinka.
Takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3.
Katin shaidar zama a jihar Kaduna, wanda hukumar KADRIMA ke bayarwa.
Hotunan fasfo, da lambar waya guda wadda aka yi wa rajista da sunanka.
Idan gini za ka yi: takardar mallakar fili, wato C of O, zanen gini da hukumar tsara birane KASUPDA ta amince da shi, da lissafin kayan gini.

Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu. Ta asali nunawa ake yi, ba a barinta a teburin kowa.

Mataki na 1: Fara da albashinka, kada ka fara da gidan

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Mutum zai ga gida mai ɗaki uku a Barnawa, zuciyarsa ta kwanta da shi, ya shafe wata shida yana haɗa takardu, daga ƙarshe banki ya ce albashinsa bai ɗauki ko rabin kuɗin ba. Ƙa'idar ita ce abin da za a riƙa cire maka duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. An sa wannan ne don a bar maka na abinci da na makarantar yara, kuma babu roƙon da ke kauce mata.

Ga lissafin, ka yi shi da biro yau. Ruwan bashin NHF kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wa'adinsa kuma bai wuce shekara 30 ba. A kan haka, kowace Naira miliyan 1 da ka ranta za ta ci maka wajen Naira 6,000 a wata. Mai karɓar Naira 72,000, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Uba Sani ta amince da shi a 2024, kashi ɗaya cikin ukunsa Naira 24,000 ne. Ke nan bashinsa ya tsaya a wajen miliyan 4. Mai Naira 90,000 zai iya ɗaukar miliyan 5, ya riƙa biyan kusan 30,000.

Sai dai shekara 30 ɗin ba ta kowa ba ce. Ana duba shekarun da suka rage maka ka kai 60 ko ka yi ritaya. Ɗan shekara 45 yana da 15 ne kawai, kuma a wannan wa'adin kowace miliyan na cin wajen Naira 8,400 a wata. Albashin 72,000 ɗin nan da ya ɗauki miliyan 4 a hannun matashi, a hannunsa bai kai miliyan 3 ba. Don haka nake matsa wa sababbin ma'aikata: wanda ya fara da wuri shi ke samun sauƙi. An ɗaga iyakar bashin daga miliyan 15 zuwa miliyan 50, amma wannan labari ne na masu manyan albashi. Iyakarka tana cikin takardar albashinka.

Ka kuma san jimillar abin da za ka biya. Miliyan 5 a shekara 30 za ta koma kusan miliyan 10 da dubu 800. Da yawa ne, amma ka kwatanta da hayar ciki da falo a Narayi ko Unguwar Television, wadda ake ƙara maka kusan duk shekara kuma ko bulo ɗaya ba zai zama naka ba.

Mataki na 2: Tabbatar kuɗinka yana isa asusun

Ana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashi a NHF. Ga mai 72,000, abin bai wuce Naira 1,800 ba. Sai ka yi wata 6 kana zubi a jere kafin ka cancanci neman bashi. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa kai tsaye. Ma'aikacin kamfani, tun gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023, zaɓi ne gare shi. Tela, makaniki, mai sayar da hatsi, ɗan Keke, duk suna iya yin rajista da kansu a ofishin FMBN na Kaduna su riƙa zubi.

Cirewa daban, turawa daban. Ni kaina abin ya faru da ni a wani wurin da na taɓa aiki: shekara uku ana rubuta NHF a takardar albashina, ranar da na je neman bayanin asusuna na tarar wata bakwai kacal aka tura. Sai da na yi ta sintiri da tsofaffin takardun albashi kafin a gyara, kuma da ban adana su ba, da ba ni da hujja. Kada ka jira sai ranar buƙata, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka danna *219# a wayar da ka yi rajista da ita, ko ka je ofishin ka nemi a buga maka bayanin asusunka, aƙalla sau biyu a shekara. Idan ka ga giɓi, ka rubuta wa ofishin albashinku takarda, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Ko ba ka taɓa karɓar bashi ba, kuɗin nan naka ne. Idan ka kai shekara 60 ko ka yi ritaya, kana da haƙƙin a mayar maka da shi. Da yawa cikin mutanen Kakuri da Makera 'ya'yan ma'aikatan masaƙu ne, sun ga yadda iyayensu suka wayi gari babu aiki da aka rufe masaƙar KTL a 2002 da ta UNTL a 2007, suka yi ta bin haƙƙinsu shekara da shekaru. Wanda ya ga wannan ya san darajar takardar da aka adana.

Mataki na 3: Sunanka ya zama ɗaya a ko'ina

Ƙaramin abu ne amma yana kwantar da fayil wata da watanni. Yohanna a NIN, John a banki. Muhammad a nan, Mohammed a can. Mace da sunan mahaifi a takardar aiki, sunan miji a BVN. Kwamfuta ba ta san ku mutum ɗaya ba ne. Ka jera takardunka a kan tabarma, ka duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi, ka gyara a hukumar NIMC mai ba da NIN da kuma banki kafin ka miƙa komai.

Mataki na 4: Zaɓi ƙofar da ta yi daidai da kai

Bashin sayen gida ko gini. Ba kai tsaye ake karɓarsa daga FMBN ba, sai ta bankin lamunin gidaje mai lasisin Babban Bankin Najeriya wanda FMBN ta amince da shi. Tun 2018, bashin da bai wuce miliyan 5 ba, ba a neman ka zuba kason farko. Abin da ya haura, kai za ka fara kawo kashi 10 cikin 100.

Haya har ka mallaka. Ka shiga gidan da FMBN ta ba da kuɗin gininsa a matsayin ɗan haya, kana biya wata-wata ko shekara-shekara, idan ka kammala ya zama naka. Ba a neman kason farko, ba a neman ka zo da takardar fili. A ganina, ga wanda ba shi da fuloti kuma ba shi da ajiya, wannan ce ƙofar da ta fi dacewa. Ga wanda addininsa ya hana shi bashin ruwa, bankin ya fito da irin wannan tsari bisa ijara, ka tambaye shi da sunansa.

Bashin gyaran gida. An fara shi da iyakar Naira miliyan 1, ana biya cikin 'yan shekaru ta hanyar cirewa daga albashi. Mutane suna raina shi, alhali shi ne ya fi saurin fitowa. Gine-gine nawa ne a Kamazou da Mahuta suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a ciki? Da yawansu kwano da ƙofofi kawai suke jira mai su ya bar gidan haya.

Ƙungiyar gama-kai. Wannan ta masu sana'ar hannu ce, waɗanda ba su da takardar albashi. Mutum 10 na iya kafa ƙungiya su yi mata rajista a ofishin kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiha, su buɗe asusun banki, kowa ya riƙa zubin NHF, su sayi fili ɗaya mai takarda, sannan ƙungiyar ta nemi bashin gini. Adashe ne da muka gada, bambancin kawai a nan komai ta banki yake bi, domin abin da banki ya gani a rubuce shi yake yarda da shi. Mai sana'ar da ke ajiye cinikinsa a aljihu, ko yana samun dubu 200 a wata, a idon banki ba shi da ko sisi. Ka fara zuba cinikinka a asusu tun yanzu, kana cirewa daga can. Kuma ku sa mutum uku su riƙa sa hannu a asusun ƙungiya, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata.

Rajistar marasa galihu. Ga gwauruwa mai marayu, mai buƙata ta musamman, ko wanda rikici ya kora daga ƙauyensa, bashi ba nasa ba ne. Hanyarsa ita ce sunansa ya shiga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta jiha. Ba a sayen wannan. Jami'ai ne ke zuwa unguwa, a tara maza da mata da matasa su fito da sunayen waɗanda suka fi buƙata. Ka sanar da mai unguwa halin da kake ciki, ka tambayi sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, a Makera idan kana Kaduna ta Kudu, a Kujama idan kana Chikun. A zamanin minista Ahmed Musa Dangiwa ma'aikatar gidaje ta sanar da shirin gina gidaje 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 774 domin masu ƙaramin ƙarfi. Da sunan irin wannan sanarwa 'yan damfara ke buga fom. Ka saurari rediyo, ka tabbatar daga ofishin ma'aikatar kafin ka ba kowa ko hotonka.

Mataki na 5: Takardar fili

Wannan ya fi kowane mataki ɗaukar lokaci, kuma a kudancin kogin Kaduna ya fi ciwo. Unguwanni da yawa, daga Gonin Gora zuwa Unguwan Maigero da Karji, sun tashi ne a kan gonakin da aka yanka aka sayar da takardar yarjejeniya, mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu suka dangwala. Wannan takarda tana da amfani, tana nuna ka saya. Amma banki ba ya karɓarta jingina. A dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne, C of O ita ce shaidar ya ba ka, kuma sai da amincewarsa ake jinginar da shi.

Hukumar KADGIS, wadda aka kafa a zamanin Nasir El-Rufai, tana titin Ali Akilu, ita ke da wannan aiki. Kafin ka sayi fuloti, ka kai lambar fayil ko ma'aunin safiyo a bincika maka: na wa ne, an jinginar da shi, yana cikin filin gwamnati ko hanyar da za a fitar? Mutane suna jin ƙyashin kuɗin binciken nan, su zuba miliyoyi a filin da ba su san asalinsa ba. Duk wanda ke garin nan a 2016 ya tuna zullumin da mazauna Gbagyi Villa suka shiga kan taƙaddamar fili da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Idan ka riga ka saya da takardar mai unguwa, ka nemi a daidaita maka shi a KADGIS. Bayan haka ka kai zanen gininka KASUPDA. Ginin da ba shi da izini, banki ba zai sa kuɗinsa a ciki ba, kuma jan fenti na iya hawa bangonsa kowace rana.

Mataki na 6: Je ka ga wurin da idonka, kuma da damina

Hoton da ke shafin intanet ba ya nuna laka. Kogin Kaduna da rafukan da ke zuba cikinsa suna cika su yi ambaliya a Agusta da Satumba, mutanen gefen ruwa a Nasarawa da Romi sun sani. Ka duba gindin katangar maƙwabta, idan akwai layin ruwa da ya bushe a jiki, ya gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba. Ka tambayi matan unguwa inda suke ɗebo ruwa a watan Maris. Ka lissafa kuɗin mota zuwa wurin aiki da makarantar yara, domin na ga wanda ya samu gida a bayan gari, kuɗin abin hawa ya cinye abin da zai biya banki, ya kulle gidan ya dawo haya a Kakuri yana biyan biyu.

Mataki na 7: Miƙa takardu da biyan kuɗi

Ka kai fayil da kanka. Idan ta intanet ne, kamar shafin sayar da gidajen Renewed Hope da aka ƙaddamar a 2024, ka tabbatar adireshin ya ƙare da gov.ng. Idan a shagon kwamfuta za a cika maka, ka zauna kusa da yaron, ka sa lambar wayarka da imel ɗinka, kada ya sa nasa, domin duk saƙon da zai biyo baya can zai tafi.

Kuɗin gwamnatin tarayya ta tsarin biyan kuɗi na Remita ake biya, da lambar biya da rasit. Jihar Kaduna ta haramta karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu. Duk wanda ya ba ka asusu mai sunan mutum, ko ya ce yana da "oga a ciki" da zai sa sunanka a gaba, ka kama gabanka. Akwai kuɗaɗe na halal da za ka tanada: na mai ƙiyasta darajar gida, na lauya, na rajistar jingina, na inshora. Ka ce a rubuta maka su duka a takarda ɗaya tun ranar farko, don kada su zo maka ɗaya bayan ɗaya lokacin da aljihu ya bushe. Kafin ka fita, a buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata.

Mataki na 8: Takardar tayi

Idan an amince, za a ba ka takardar tayi mai wa'adi. Murna kan sa mutum ya sa hannu a tsaye. Ka tafi da ita gida, ka ba wanda ya iya ya karanta maka layi-layi. Ka nemi amsar waɗannan: nawa ne duk wata, daga yaushe, wace tara ke kan jinkiri, wata nawa za ka kasa biya kafin a karɓe gidan, kuma idan ka rasu, inshorar za ta biya sauran bashin ko iyalinka za a bi? Ka sa matarka ko mijinki a wannan zaman, ku san inda fayil yake tare.

Mataki na 9: Bibiya

Abin yana ɗaukar watanni, wani lokaci ya haura shekara, saboda fayil yana bi ta bankin lamuni, ya tafi Abuja, ya dawo. Ka riƙa leƙawa duk mako biyu ko uku, da lambar fayil a hannu, kana rubuta ranar da ka je da abin da aka ce maka. Kada ka daina zubin NHF a wannan tsakanin, giɓin wata ɗaya na iya mayar da kai baya. Kada kuma ka ci sabon bashi a manhajojin waya ko ka karɓi kaya a kan albashi, domin za a sake duba abin da ya rage maka kafin a saki kuɗi. Kuma kada ka sallami mai gidan hayarka sai makulli ya shigo hannunka.

Ranar karɓar gida ka je da mai aikin famfo da mai wayarin. A buɗe kowane famfo, a gwada kowace soket, a hau silin a duba kwano. Abin da ya lalace a rubuta, wakilin masu ginin ya sa hannu kafin kai ka sa naka. Idan wata ya zo maka da matsala, rashin lafiya ko jinkirin albashi, ka je banki da takarda kafin ranar biya ta wuce, ka nemi a sake tsara maka.

Dattijuwar nan ta Romi, kuɗinta ba su dawo ba. Mun raka ta ofishin 'yan sanda ta ba da rahoto da lambar asusun da ta tura wa kuɗin. Da muka zauna muka yi lissafi, sai ya fito tana da rabin fuloti da mijinta ya bari, an yi ɗaki biyu har linta. Yanzu tana cikin ƙungiyarmu, tana zubin wata na biyar, takardun filin kuma suna KADGIS.